Rawaya, Ja da Koriyar Hula: Tambayoyi da Amsoshi kan Launuka da Kalmomin Batsa a Ƙasar Sin

Duk wanda ya fara koyon Sinanci, ko ya fara zuwa saro kaya a Guangzhou, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Launin da sarakunan ƙasar suka keɓe wa kansu fiye da shekara dubu, shi ne kuma launin da ake kiran batsa da shi a yau. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan, da sauran launukan da ke tafiya tare da shi.

Da gaske ne idan Basine ya ce abu rawaya ne, batsa yake nufi?

Gaskiya ne, amma ba ko da yaushe ba. Rawaya a Sinanci ita ce huang, ko huangse idan an haɗa ta da kalmar launi. Ayaba huangse ce, zinariya huangjin ce, babu wanda zai ji wani abu daban. Sai fa idan kalmar ta jingina da fim, ko littafi, ko hoto, ko shafin intanet, ko labarin barkwanci. A nan ma'ana take juyawa. Huangpian fim ɗin batsa ne, huangshu littafin batsa ne, huang duanzi kuwa irin labarin nan ne da ba a bayarwa a gaban surukai.

Bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, tunda mu ma bulu fim muke cewa, kuma babu wanda ya daina ɗinka shuɗiyar shadda saboda haka. Mutanen Sifen kore suke cewa, tsoho mai bin 'yan mata a wurinsu koren tsoho ne. Japanawa kuma ruwan hoda suka zaɓa. Kowace al'umma tana neman mayafin da za ta rufe abin da baki ke jin nauyin faɗa, launi kuwa mayafi ne mai araha.

To ina rawaya ta samo darajarta tun farko?

Daga ƙasa ta samo ta, ƙasar da ake takawa. A arewacin Sin akwai wani makeken tudu na ƙasa mai laushi kamar ƙurar hunturu, launinta rawaya, wadda iska ta tara a tsawon dubban shekaru. Kogin da ya ratsa ta yana kwasar wannan laka har ruwansa ya rine, shi ya sa ake ce masa Huang He, wato Kogin Rawaya. A gaɓarsa aka noma gero, a nan manyan dauloli na farko suka tsiro. Kakan da Sinawa ke jingina asalinsu gare shi a tatsuniyoyin tarihi shi ne Huangdi, Sarkin Rawaya. Har yau idan suna kirarin kansu sukan ce su jikokin Yan da Huang ne, wato wani sarkin tatsuniya mai suna Yan da shi Sarkin Rawaya.

Sannan akwai tsohon tunaninsu na ginshiƙai biyar, inda kowane yake da launinsa da shiyyarsa. Itace yana gabas da launin kore-shuɗi, wuta tana kudu da ja, ƙarfe yana yamma da fari, ruwa yana arewa da baƙi. Ƙasa kuwa tana tsakiya, launinta rawaya. Wanda ke zaune a tsakiyar duniya, kowa ya kewaye shi, ai sarki ne. Ƙari a kan haka, kalmar rawaya da kalmar babban sarki furucinsu ɗaya ne, huang, rubutun ne kawai ya bambanta.

Ba tun fil azal aka keɓe ta ba. Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, baƙi ya ɗaukaka, don ya ɗauki daularsa a matsayin ta ruwa. A zamanin daular Tang, cikin ƙarni na 7, aka hana talakawa da ma'aikata sa irin rawayar da sarki ke sawa. Daga nan rigar ta zama ita ce sarautar kanta. A shekarar 960, a wani zango da ake kira Chenqiao kusa da Kaifeng, sojoji suka yafa wa kwamandansu Zhao Kuangyin riga rawaya, suka faɗi suka yi gaisuwa. Sarkin lokacin yaro ne ƙarami. Kwamandan ya juya da rundunarsa zuwa babban birni, ya kafa daular Song. Har yanzu Sinawa na da karin magana daga wannan, "an yafa masa rigar rawaya", kamar dai mu ce an naɗa masa rawani.

Wanda ya je Beijing, ina ba shi shawara ya hau tudun Jingshan da ke bayan tsohuwar fada, da yamma lis. Daga can za ka ga rufin fadar da aka kammala a 1420, ɗaruruwan rufi jere da juna, tayil ɗinsu mai sheƙi yana ɗaukar hasken rana kamar an malala narkakken man shanu. Gidajen 'ya'yan sarki kore ake rufa musu, talakan birni kuwa toka-toka. A cikin wannan tekun rawaya akwai gini guda mai baƙin rufi, ɗakin ajiye littattafai na Wenyuan da aka gina a 1776. An yi masa baƙi ne saboda baƙi launin ruwa ne, ruwa kuma maganin gobara. Ka ga ke nan launi a wurinsu ba ado kaɗai ba ne, kusan addu'a ce.

A daular Qing, ta ƙarshe, sarki kan ba wanda ya yi bajinta 'yar taguwa rawaya, kamar yadda sarkinmu kan ba da alkyabba. Kuma yana iya ƙwace ta. An ƙwace ta babban waziri Li Hongzhang a 1894 lokacin da yaƙi da Japan ya ɓaci. Tutar ƙasar ma rawaya ce mai hoton dodon nan nasu mai kama da maciji, har zuwa faɗuwar sarautar a 1912.

Yaya aka yi launin sarauta ya koma launin batsa?

Wannan ma'ana baƙuwa ce, kuma yarinya ce idan aka gwada ta da waccan. Bayanin da masana harshe suka fi karɓa yana kai mu birnin New York na Amurka a shekarun 1890. Manyan masu jarida biyu, Joseph Pulitzer da William Randolph Hearst, suna gasar kwasar masu karatu da labaran kisa, da tonon silili, da ƙarin gishiri. Dukansu biyu sun buga zanen barkwanci na wani yaro mai doguwar riga rawaya, sai masu sukarsu suka laƙaba wa irin aikin nasu suna aikin jarida na rawaya. A daidai wannan zamani a Turai ma akwai littattafan Faransa masu bango rawaya da ake yi wa kallon na marasa kunya.

Kalmar ta shiga Sinanci a farkon ƙarni na 20 a matsayin huangse xinwen, labaran rawaya. Da farko ma'anarta labaran da ake kambamawa don a sayar da jarida. To amma a Shanghai ta shekarun 1930 da 1940, ƙananan jaridun da ake sayarwa a bakin titi abin da suka fi ci da shi shi ne labarin 'yan rawa, da karuwai, da wa aka kama da matar wa. A hankali sai ma'anar ta tsuke, ta bar kisa da ƙarin gishiri, ta tsaya a kan sha'anin maza da mata. Sarauta ta riga ta faɗi, babu mai tsare wa rawaya mutuncinta da takobi. Da gwamnatin Kwaminis ta hau a 1949, sai ta ɗauki kalmar ta mayar da ita ta hukuma.

Na ji ana cewa "waƙar rawaya". Waƙoƙin batsa ne?

A'a, kuma a nan ne abin ya fi taɓa ni. Yawancin waƙoƙin da aka kira huangse yinyue waƙoƙin soyayya ne tsantsa, na bege da kewa, na wata da furanni da masoyin da ya yi nisa. An haife su a Shanghai a shekarun 1920, inda aka gauraya karin gargajiya da kiɗan jaz na Amurka. Mutumin da ake ɗauka uban wannan salo shi ne Li Jinhui. Bayan 1949 aka ce kiɗan yana kashe zuciyar ma'aikata, yana ɗauke hankalin matasa daga gina ƙasa. Kamfanonin faifai da mawaƙa da yawa suka koma Hong Kong. Li Jinhui ya zauna, ya sha suka da tsangwama, ya rasu a 1967 a tsakiyar Juyin Al'adu, gangamin da shugaba Mao ya ƙaddamar kan tsofaffin al'adu.

Da Sin ta fara buɗe ƙofarta ga duniya a ƙarshen shekarun 1970, kaset-kaset ɗin mawaƙiyar Taiwan Teresa Teng, wadda Sinawa ke kira Deng Lijun, suka riƙa shigowa a ɓoye. Ana kwafa daga kaset zuwa kaset har muryar ta dushe, ana saurare cikin bargo da ƙaramar rikoda. Sunan gidansu ɗaya da shugaban lokacin, Deng Xiaoping, sai mutane suka ƙirƙiri magana: da rana a saurari babban Deng, da dare a saurari ƙaramar Deng. A 1982 har ɗan littafi aka buga a Beijing mai koyar da yadda ake gane waƙar rawaya, a 1983 kuma aka yi gangamin yaƙi da abin da aka kira gurɓatar ruhi. Ta rasu a 1995 a Chiang Mai ta ƙasar Tailan, ba ta taɓa yin wasa a babban yankin Sin ba. Yau kakanni ne ke rera waƙoƙinta a wuraren shaƙatawa da rana tsaka, gidajen talabijin na gwamnati ma suna sa su.

Ni ina ganin batsa cuta ce ta gaske, musamman ga yara, kuma al'umma na da haƙƙin kare kanta. Amma abin da aka yi wa waɗannan mawaƙa zalunci ne. An ɗauki sunan ƙazanta an shafa wa mutanen da laifinsu kawai waƙar bege. Kalmar da ba ta da iyaka bayyananniya, duk mai iko yana iya miƙa ta ta rufe wanda ya ga dama.

Mene ne saohuang da ake gani a labarai?

Sao shara ce da tsintsiya, huang kuma rawaya, wato share rawaya. Cikakken sunan shi ne saohuang dafei, share batsa da murƙushe haramtattun wallafe-wallafe. An ƙaddamar da shi a 1989, yana da ofishi na ƙasa, kuma ana sabunta shi duk shekara. Lura da rabin sunan na biyu, domin a ƙarƙashinsa ake kama littattafan satar fasaha da kuma rubuce-rubucen siyasa ko na addini da ba a ba izini ba.

A bakin 'yan sanda rawaya ta haɗa har da karuwanci. Suna da jerin abu uku da suke faɗa a numfashi ɗaya, huang du du: karuwanci da batsa, caca, ƙwaya. Za ka gan shi rubuce a bangon otal da gidajen waƙa. Samamen da ya fi amo shi ne na birnin Dongguan, tsakanin Guangzhou da Shenzhen, a watan Fabrairun 2014. Gidan talabijin na ƙasa ya nuna hotunan ɓoye daga otal-otal da gidajen wanka, a ranar aka baza 'yan sanda fiye da 6,000.

Me doka ta tanada?

Sashe na 363 na dokar manyan laifuka ya shafi wanda ya yi, ko ya kwafa, ko ya sayar, ko ya yaɗa batsa don riba. Hukuncin yana farawa daga ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ya hau zuwa tsakanin 3 da 10, idan abin ya yi muni ƙwarai kuwa har ɗaurin rai da rai. Sashe na 364 na wanda ya yaɗa ba don kuɗi ba ne, shekara 2 ce iyakarsa, ana kuma tsanantawa idan yara aka ba. Tura bidiyo a babban zauren manhajar hira ta WeChat na iya faɗawa nan. Sashe na 367 ya cire littattafan likitanci da ayyukan adabi masu daraja daga ma'anar batsa.

A 2016 an ɗaure Wang Xin, shugaban kamfanin manhajar kallon bidiyo ta Kuaibo, shekara 3 da rabi. A 2018 wata kotu a lardin Anhui ta yanke wa wata marubuciya fiye da shekara 10 saboda littafin da ta sayar da kwafi kusan 7,000. Sinawa da yawa sun yi ƙorafi a intanet, suna cewa akwai masu fyaɗe da ba a ba su haka ba. Ƙorafin nasu yana kan hanya.

Kallo a cikin gida kuwa ba ya cikin manyan laifuka. An yi muhawara mai zafi a kan wannan a 2002, bayan da 'yan sanda a Yan'an suka kutsa wa wasu ma'aurata da dare saboda an kai rahoton suna kallon faifai. A ƙarshe hukuma ce ta ba da haƙuri ta biya diyya.

Wane ne ke yanke hukuncin cewa wannan rawaya ne, wannan ba rawaya ba?

Akwai masu wannan aiki, sunansu jianhuangshi, masu tantance rawaya. Da can 'yan sanda ne da ake zaɓa su zauna a rufaffen ɗaki suna duba faifan da aka kama ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kamfanonin intanet na da dubban ma'aikatan tacewa, na'ura tana fara tsincewa, mutum ya duba abin da ya shige mata duhu. Aiki ne mai cin rai, ina tausaya wa masu yin sa.

A 2009 gwamnati ta ba da umarnin a sa wata manhajar tacewa mai suna Green Dam a kowace sabuwar kwamfuta daga 1 ga Yuli. Manhajar tana auna yawan launin fata ne a hoto, don haka ta riƙa toshe hotunan aladu da na zanen mage mai ruwan lemo. Ana gobe wa'adin zai cika aka ɗage shi.

Akwai kuma wani labari da ba na so a manta. A ƙarshen Disambar 2007, a babban labaran dare na talabijin ɗin ƙasa, an nuna wata 'yar makaranta mai kimanin shekara 13 tana cewa wani shafi ya faɗo mata, "rawaya ƙwarai, tashin hankali ƙwarai". Mutane suka yi zargin an sa mata maganar a baki ne don a kafa hujjar sabbin dokoki. Jimlar, hen huang hen baoli, ta zama abin maimaitawa a ko'ina. Amma fushin bai tsaya kan gidan talabijin ba, kan yarinyar ya sauka. Aka tono bayananta aka baza, aka yi mata zane-zanen wulaƙanci. Manya ne suka yi faɗansu a kan bayan yarinya.

Me ya sa kalmar launi kanta take fitowa a zancen sha'awa?

Wannan ya girmi zancen rawaya nesa ba kusa ba. Kalmar se tana nufin launi, tana nufin yanayin fuska, tana nufin kyawun mace, tana kuma nufin sha'awa. An ruwaito tsohon malamin hikimarsu Confucius yana cewa bai taɓa ganin wanda ke son nagarta kamar yadda yake son se ba, yau kusan shekara 2,500 ke nan. Haose, mai son launi, shi ne mayen mata. Selang, kyarkecin launi, shi ne mai lalubar mata a mota ko jirgin ƙasa. Seqing tana cikin kalmomin da ake rubutawa a takardun hukuma don batsa. Saboda haka a kunnen Basine, huangse tana da kaifi biyu tun daga ginin ta, kuma ina ganin wannan ya taimaka wajen karɓuwar baƙuwar ma'anar.

Tsofaffin marubutansu sun fi son sakaya magana da yanayi. Gajimare da ruwan sama na nufin saduwa. Hotunan fadar bazara su ne zane-zanen tsiraici na dā. Labari mai launin 'ya'yan itacen tao, wato ruwan hoda, shi ne abin kunyar da ya shafi babban mutum da mace.

Matasa fa, me suke cewa a intanet?

Zaurance suke yi, don na'urar tacewa tana kama kalmomi, su kuma kullum suna sauya su. Wanda ya fi yaɗuwa zancen mota ne. Kaiche, tuƙa mota, shi ne fara maganar batsa ko raba irin waɗannan hotuna. Laosiji, tsohon direba, shi ne wanda ya san hanya. Idan magana ta yi nisa sai a ce gudun ya yi yawa, idan an rufe shafin sai a ce mota ta kife. Suna rubuta ghs da haruffan boko, farkon kalmomin gao huangse, aikata rawaya. Wu datti ne, fuli kuwa a asali alawus ne ko tallafi, amma a zaurancensu hotunan tsiraici ake nufi. Cabian ta fito daga wasan ƙwallon tebur, ƙwallon da ta shafi gefen tebur ta wuce, ana nufin bidiyon da ya tsaya daf da iyakar doka.

Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a Sin, ko ke bin manhajojinsu, yana da kyau su san waɗannan. Ba duk zancen direba ne zancen mota ba.

Haka abin yake a Hong Kong da Taiwan?

Sun san ma'anar, amma suna da nasu. A harshen Kantonis na Hong Kong da Guangzhou, ɗanɗano ake amfani da shi: haam sap, gishiri da danshi, shi ne ɗan iska. Hannun alade mai gishiri shi ne hannun mai lalube, kuma wannan ta shiga Sinancin kowa da kowa. Tun 1988 Hong Kong ke da tsarin rarraba fina-finai, mataki na uku na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, sai "fim ɗin mataki na uku" ya zama sunan irin waɗannan fina-finai har a babban yanki. A Taiwan fim ɗin A ake cewa.

Sannan a Hong Kong rawaya ta ɗauki nauyin siyasa tun zanga-zangar lema ta 2014. Rawaya na masu neman dimokuraɗiyya ne, shuɗi na masu goyon bayan 'yan sanda da gwamnati. A 2019 har shaguna aka riƙa rabawa haka. Idan mutumin can ya ce wane rawaya ne, ra'ayinsa yake nufi.

An ce kada a ba Basine koriyar hula. Me ya sa?

Domin "sa koriyar hula", dai lü maozi, na nufin ana yi wa mutum kwartanci a gidansa. Asalin yana komawa daular Yuan ta Mongol, ƙarni na 13 zuwa na 14, lokacin da doka ta ce mazan gidan karuwai su ɗaura koren ƙyalle a ka don a gane su. Daular Ming ta ci gaba da hakan. Dokar ta mutu tuntuni, maganar tana nan da ranta. Matasa ma sun taƙaita ta, sai su ce an yi wa wane kore.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda kore da fari ne tutar Najeriya. Na taɓa zama a wani shagon yadi a Guangzhou lokacin da wani Alhaji daga Kano ya zo da tsaraba ga mai shagon da suka shekara biyar suna hulɗa. Ya fito da hular ƙwallon ƙafa koriya shar, ya miƙa da hannu biyu, ya ce ya gwada a yi hoto. Mutumin ya karɓa, ya juya ta a hannu, kunnuwansa suka yi ja, yaran shagon suka sunkuyar da kai kan littafin lissafi. Sai ya ajiye ta a kan kantar shagon a hankali, ya tsiyaya wa baƙonsa shayi. Da muka fita na ja Alhajin gefe na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, akwai abin da zan faɗa maka." Ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi, Malam, ai da ka taka ni." Washegari ya koma da dabino da kilishi, aka yi dariya, ciniki ya ci gaba. Riga koriya, gyale, tuta, duk babu laifi. Abin da ake sawa a ka ne kaɗai.

Ke nan kore mummunan launi ne a wurinsu?

Ko kusa. Dutsen ado na yu da suke ji da shi kore ne, shayi kore ne. Allunan gidajen abincin Musulmi masu rubutun qingzhen, wato halal, galibi kore ne, kodayake a 'yan shekarun nan an cire rubutun Larabci daga da yawansu. Hular Musulmin Hui kuwa fara ce. Abu ɗaya da zai rikita ɗan kasuwa: a allon hannun jari na Shanghai da Shenzhen, ja na nufin farashi ya hau, kore na nufin ya faɗi.

Ja fa?

Ja ce uwar bikinsu. Amarya ta gargajiya ja take sawa, a sabuwar shekara ana manna jajayen takardu masu baitoci a ƙofa, ana ba yara kuɗi a jan ambulan, hongbao, wanda tun 2014 ya shiga waya ta WeChat. Wanda tauraronsa ke haskawa ja ne, shahararre a intanet wanghong ne. Tutar 1949 ta ƙara mata ma'anar juyin juya hali, kuma lura cewa taurari biyar da ke kanta rawaya ne. Jan ido a wurinsu hassada ce. Kada ka rubuta sunan mai rai da jan biro, don da ja ake yi wa sunan wanda aka yanke wa kisa alama.

Fari da baƙi?

Fari na makoki ne. Iyalan mamaci kan sa farin yadi mara rini, kuɗin ta'aziyya a farin ambulan ake ba da shi, farin furen juhua na jana'iza ne. Mu da muke da likkafani ba za mu sha wahalar gane wannan ba. Duk da haka amaren birni yanzu kan fara da farar riga irin ta Turawa, su canza zuwa ja wajen walima.

Baƙi yana tafiya da abin da ya saɓa doka: baƙar ƙungiya 'yan daba ne, baƙar mota ita ce tasi mara rajista, baƙar zuciya kamar tamu. Amma a wasan kwaikwayon gargajiya na Beijing lissafin ya juya. Baƙar fuska ta mai gaskiya ce, kamar alƙali Bao Zheng. Jar fuska ta mai amana ce, kamar Guan Yu. Farar fuska kuwa ta maƙiri ce, kamar Cao Cao.

Akwai kuma qing, launin da ya haɗa kore da shuɗi, wani lokaci har da baƙi, kamar yadda mukan kira rinin baba mai duhu baƙi. Ƙuruciya a Sinanci bazara ce mai launin qing. Qinglou, benen qing, da farko gidan masu hali ne, daga baya ya zama sunan gidan magajiya a tsofaffin littattafai.

An zura mini wani ɗan kati mai hoton mace ta ƙarƙashin ƙofar otal. Me zan yi?

Ka jefa shi a kwandon shara. Xiao kapian suke ce masa, ƙaramin kati, kuma da yawansu tarkon 'yan damfara ne masu ƙwace da barazana. Ko ba Allah a gabanka, dokar tsaron jama'a ta ba 'yan sanda ikon tsare mai saye da mai sayarwa har kwana 15 ba tare da zuwa kotu ba, baƙo kuma yana iya rasa bizarsa a kora shi gida.

Abokin cinikina sunansa Huang, kuma ina son in yi odar yadi rawaya. Akwai abin kunya a ciki?

Babu ko kaɗan. Huang yana cikin sunayen gida goma da suka fi yawa a ƙasar, miliyoyin mutane ke amsa shi. Ka kira shi Huang laoban, wato maigida Huang, ka faɗi launin da kake so kai tsaye. Abin da za ka kula da shi wata kalma ce daban: idan ya ce maka huang le, ya yi rawaya, yana nufin cinikin ya rushe, kamar ganyen da ya bushe. Idan kuma ka rasa tikitin jirgin ƙasa wani ya ce a nemi huangniu, wato bijimi rawaya, ɗan bumburutun tikiti yake nufi.

Tsohuwar darajar kuwa tana nan. Kalandar gargajiya da ake duba ranar aure da ranar buɗe shago sunanta huangli, rana mai sa'a kuma ranar hanyar rawaya ce. Malaman addinin Buda suna sa rawaya, bangon haikalinsu rawaya ne. 'Yan kai abinci na kamfanin Meituan da ke cika titunan Guangzhou a kan babura, daga hular kwano har akwati rawaya ne. Kowace shekara a farkon Afrilu, ranar bikin Qingming na ziyarar kaburbura, manyan jami'ai da baƙi daga Taiwan da ƙasashen waje suna taruwa a hubbaren Sarkin Rawaya da ke gundumar Huangling a lardin Shaanxi, kowa da gyale rawaya rataye a wuya.